Hannun da Ke Dukan Arin

Ku da kuka cika min wurin sharhi da "Danbi, yaushe ne bikin?", ku nemi wuri ku zauna. Yau za ku ji amsa, kuma ba za ta yi muku daɗi ba.

Idan kina kallon wasan nan na 'yan sanda, "Ƙofar da Aka Rufe", wanda ake sawa Juma'a da Asabar, to kin san hannun nan. Hannun da ke fizgo yarinya daga ƙarƙashin tebur, ya murɗe mata kunne, mai ƙaramin yatsa a karkace. Wata a cikinku har ta rubuta cewa da za ta samu hannun nan, injin niƙa nama za ta tura shi. To sannu, 'yar'uwa. Hannuna ne. Da shi nake buga wannan rubutun.

Fuskar ba tawa ba ce. Fuskar ta babbar jaruma Chae ce, wadda ke fitowa a matsayin uwar riƙon yarinyar. Ita tana tallan man shafawa, hotonta na jikin kowace bas a Seoul, ta tallafe kumatu an rubuta "laushin hannun uwa". Masu man suka ce hannun da ke musu talla ba zai fito yana dukan yaro ba. Fuskarta za ta iya mugunta, wannan fasaha ce. Hannunta ne dai ba zai iya ba. Sai aka nemo na haya.

Yarinyar da ake duka kuwa Arin ce, 'yar yayata Eunbi. Shekararta bakwai. Gida ɗaya muke, a saman shagon Umma inda muke sayar da kimchi, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, da kayan haɗin shinkafa. Ni nake taje mata kai kullum da safe tun gashin nata bai kai a kama ba.

Ranar farko raka ta wurin ɗaukar wasan kawai na yi, don Yaya tana wurin aiki. Ina zaune a gefe ina ɓare mata lemo, sai ga wani mutum da gyale a wuya, a tsakiyar zafin Yuni, ya tsaya yana ƙare wa yatsuna kallo.

"Wannan hannu," ya ce, "yana da tarihi."

"Sabulun wanke-wanke yake da shi," na ce.

Ya yi dariyar mutanen da suka yi karatu a Faransa, wadda ba a buɗe baki. Darakta Gil kenan. Shi ne saurayin da kuke ta tambaya.

Me ya sa na yarda? Ai na ba kaina dalili mai kyau, irin wanda ake ba kai. Na ce in ban yi ba wata za su kawo, wadda ba ta san Arin ba, ba ta san kafaɗarta ta hagu ta taɓa gocewa ba. Gara ni. Har alama muka yi, ni da ita: kafin na damƙe ta, sai na ɗan danna mata babban yatsa a wuyan hannu, wato wasa ne, Anti ce. Da farko in an ce a tsaya sai ta fashe da dariya ta haye bayana. Daga baya ta rage dariyar. Daga baya ta daina hawa bayan. Ni kuma na ce gajiya ce.

Shi kuwa Darakta soyayya ta kama shi. Saƙonninsa ba sa ƙarewa.

"Danbi, yau na ga wani irin shiru a cikin yatsunki."

Na rubuta: "Sanyin ɗakin ɗauka ne, ranka ya daɗe. A rage na'urar."

"Kina ɓoye rauninki a bayan barkwanci. Wannan ne yake jan zuciyata."

Na rubuta: "To."

Ya kawo min wani ƙaton littafi kan wahalar ƙuruciya, ya ce shi ya canza masa rayuwa. Ni ban gama sakandare ba, karatuna duk a laburaren unguwa na yi shi tsakanin wankin kabeji da rufe shago, amma na san littafin da aka karanta in na gan shi. Wannan ko lanƙwasa bayansa bai yi ba. Yanzu yana ƙarƙashin ƙafar injin wankinmu, ya hana shi rawa. To ni ma ya canza min rayuwa.

Umma kuwa tun ranar da ya zo gaishe ta da kwalin naman shanu, ta daina kirana "ke" ta koma "'yata".

"Mutum mai digiri biyu," in ji ta, "yana bin wadda ta gudu daga aji, ke kuma kina yamutsa fuska. Wa kike jira? Ɗan shugaban ƙasa?"

"Umma, gyale yake sawa a Yuni."

"Ya sa bargo ma! Ina ruwanki da wuyansa?"

Yanzu ga abin da ya kawo ni.

Ranar Litinin da safe na zaunar da Arin a gaban madubi, na ɗauko mataji. Ɗaga hannu kawai na yi. Yarinyar nan ta dunƙule, ta sa hannuwa biyu ta kare kanta, ta matse ido. Babu kamara. Babu fitila. Babu wanda ya ce a fara. Daga ni sai ita sai ƙarar tukunyar shinkafa.

Da ta buɗe ido ta ga fuskata, sai ta yi murmushi, irin wanda aka koya mata.

"Wasa nake, Anti."

Na ajiye matajin. Na sami Yaya tana shafa hoda, na gaya mata. Ba ta ko juyo ba.

"Ta shiga cikin wasan ne sosai. Darakta ya ce baiwa ce, yaro ɗaya a dubu."

"Yaya, tsorona take ji."

"Ke dai kin cika neman magana. Mu da Baba ya dinga zabga wa bulala ta gaske, mutuwa muka yi? Wannan na ƙarya ne, kuma har kyaututtuka ake aiko mata. Kin san masu talla nawa suka kira ni makon nan?"

Yaya tun tana yarinya take son fitowa a talabijin, aka duba ta aka ce haɓarta ta yi faɗi. Yanzu ta haifi haɓar da ta dace.

Ranar Laraba Darakta ya zo cin abincin yamma. Umma ta fito da farantan da tun bikin Yaya ba su ga rana ba, bikin da auren nasa ma ya riga farantan fashewa. Aka sa ni na sa rigar nan mai ruwan goro da ke matse min hammata. A makon ne wata ƙungiya ta naɗa shi jakadan kare yara, ya zo da ɗan baji a ƙirji, sai gyara shi yake yi don kar ya ɓuya a bayan gyale.

Arin ta ci ta tashi, ta hau sama shayar da furanni. Ya jira ƙarar takunta ta ɓace, sannan ya ajiye tsinken cin abinci a hankali kamar mai shirin huɗuba.

"Akwai wata magana. Kashin da za mu ɗauka jibi, shi ne zuciyar wasan gaba ɗaya. Marin. Ina so ya zama na gaske."

Umma ta tsaya da ludayi a hannu.

"Sau ɗaya tak," ya ce. "Kun ga, in na ƙarya ne sai an yi ta maimaitawa, yarinya ta gaji, ta wahala. Na gaske kuwa ɗaya ne, an gama. Don ita nake faɗa. Kuma kar a sanar da ita, in ta sani za ta matse fuska kafin ya sauka."

"Amma ba da ƙarfi ba dai ko?" in ji Yaya.

"Haba, Maman Arin. Ai shi ya sa muka yi sa'a hannun Danbi ne. Hannun da ke sonta." Ya juyo gare ni da idon nan nasa na tausayin duniya. "Ki tuna yara nawa ne ake duka a bayan ƙofofi a ƙasar nan. Idan mutane suka ga wannan marin, suka ji shi a jikinsu, wani maƙwabci zai ɗauki waya. Hawayen Arin na minti ɗaya zai ceci yara ɗari."

Kuna jira ku ji na kifa masa miya a kai, ko? Na san ku. To ban kifa ba. Na kalli Umma, ta sunkuyar da kai tana ƙara masa nama. Na kalli Yaya, tana gyaɗa kai kamar ana mata bayanin magani. Sai na ji bakina ya ce, "Zan yi tunani."

Zan yi tunani! Ni, Pyo Danbi, mai bakin da ke korar masu neman ragi daga shago. An ce na mari 'yar da na goya, na ce zan yi tunani. Har yanzu in na tuna sai na ji kamar na ciji harshen na tofar.

Washegari da yamma na hau sama. Arin na tsugune gaban kwalayen da muke shuka bongsunga, furen da muke lalle da shi ƙarshen bazara. Ya yi ja ya cika, har yana zuba.

"Anti, bana ba za mu yi ba ko? Mama ta ce an hana ni taɓa farce da gashi sai an gama wasa."

Ni ma an hana ni. Sai na tsaya ina kallon furen. Kowa ya san lallen bongsunga ba ya wankuwa. Fata takan yi makonni, farce kuwa sai ya tsiro ya fita da kansa. Ƙasa gaba ɗaya ta haddace hannun uwar riƙon nan, fari fat, busasshe, da yatsa a karkace. Ba a canza shi a kashi na kusa da ƙarshe. Na ce a raina, shikenan, na samu hanya. Ba sai na ce a'a ba. Ba sai na ɓata wa Umma ba. Hannun ne kawai zai lalace, kamar tsautsayi.

"Ɗauko turmin," na ce.

Muka daka fure da ganye da ɗan gishiri. Ta ɗaura min, na ɗaura mata, da leda da zare. Ni ban tsaya a farce ba, na cusa har gaɓa ta biyu, duk yatsu goma. Da na kama hannunta zan ɗaure, ta ɗan ja baya, sai kuma ta bari. Tana ta surutu, irin wanda na daɗe ban ji ba.

"Anti, in jan bai fita ba har dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, wai za ki auri wanda kike so."

"Haka tsofaffi ke cewa."

"To ni wa zan aura?"

"Ke ki fara gama haƙoran gaba tukuna."

Da safe muka kwance. Ja zir, har da duhu-duhu. Yaya ta gani ta ƙwalla ihu, ta jawo Arin gaban famfo tana dirza da sabulu kamar tukunya. Umma kuwa ta kama yatsuna ta juya su, sai ga murmushi.

"Oho! Ashe dai ana so ana kaiwa kasuwa da tsada. Dusar farko ake jira kenan? Bari na gaya wa surukina."

Na bar ta da fassararta.

A wurin ɗauka, can garin Paju, kowa ya ga hannuna sai ya yi tsit. Mai kwalliya ta shafa abin da za ta shafa, aka haska fitila, jan yana leƙowa ta ƙasa kamar ciwo. Jaruma Chae tana zaune ana mata fifita, hannuwanta cikin safar auduga, ta ce, "Wayyo, abin tausayi," ba tare da ta ɗago daga wayarta ba. Ni ina tsaye ina jin daɗina. Na ce yau gyale zai kama da wuta.

Darakta ya zo. Ya kama hannuna, ya kama na Arin, ya jera su a ƙarƙashin fitila. Ya daɗe yana kallo. Sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Danbi," ya ce, "ke baiwa ce daga sama."

Kun san yadda ake wasanninmu. Ana nunawa ana rubutawa, shafin yau da safen yau yake zuwa daga marubuciya, wani lokacin ma ana tsaye ana jira. Ya ɗauki waya ya kira ta a gabana.

"Marubuciya, ajiye abin da kike yi. Uwar riƙon za ta yi wa yarinyar lalle. E, lalle! A saman bene, suna dariya, yarinyar ta ɗauka an fara sonta. Da safe kuma, da wannan jan hannun... Kin gane? Kin gane! Ƙasar nan ba za ta yi barci ba."

Na zo da dabara, ya karɓe ta da hannu biyu ya ce na gode. Kafin shayin jaruma ya huce sabon shafi ya iso, aka bi kowa da shi. Aka tura wani ya nemo tukwanen bongsunga. Yaya da ta biyo mu tana huci, yanzu har da tafi.

Aka ba Arin nata shafin. Tana karatu da yatsa, a hankali, leɓenta na motsi. Ta kai ƙasa. Ta kalli jan farcenta, ta kalli nawa. Sannan ta ɗago.

"Anti, lallen namu ma na wasan ne?"

Ba kuka ta yi ba. Da kuka ta yi da ya fi min sauƙi. Tambaya ta yi kawai, irin ta ma'aikaciyar da ke son sanin aikinta.

Na durƙusa a gabanta. "A'a. Namu ne. Ni da ke."

"To me ya sa yake cikin takarda?"

Na miƙe. Darakta yana can yana nuna wa mai kamara inda zai tsaya, yana cewa a matso da ita kusa da kumatun hagu.

"Darakta Gil," na ce. Ban ce ranka ya daɗe ba. "Ba zan mare ta ba."

Ya yi min alama da ido, wai yarinya na ji.

"Ta ji mana! Ai kumatunta ne. Arin, cewa ya yi na mare ki da gaske, kuma kar a gaya miki. Ni kuma na ce zan yi tunani. Na gama tunanin."

Har fifitar jaruma ta tsaya.

Ya matso ya rage murya. "Danbi, kina magana ne daga cikin rauninki. Ki tuna yaran da..."

"Yara ɗarin nan naka, ka san sunan ko ɗaya? Ni ɗaya na sani, ga ta nan. In marin gaske kake so, ga jarumarka can da hannu biyu cikin safa, ga kumatunka. A ɗauka sau ɗaya tak, don kai nake faɗa."

Wani daga cikin masu fitila ya yi tari mai kama da dariya.

Yaya ta damƙo min riga. "Kin haukace? Ni na haife ta, ni na sa hannu! In ba ki yi ba wata za ta yi!"

Maganar da na yi ta gaya wa kaina kenan tun Yuni. Da na ji ta a bakin wani sai na ji warinta.

Na miƙa wa Arin hannu. Ban kama ta ba, miƙawa na yi na jira. Ta kalle shi. Kafaɗunta suka ɗan tashi. Sai ta sa jajayen yatsunta cikin nawa, ta danna min babban yatsa a wuyan hannu.

Muka fita ta gaban kowa, ta gaban motar shayin da masoya suka aiko mai hoton Arin an rubuta "Mu kare yaranmu". Muka hau bas.

Wayata ba ta huta ba.

Umma: "Kin kashe ni. Me zan ce wa mutumin nan? Naman ma mun cinye."

Darakta: "Ban yi fushi ba. Fushinki ma kyakkyawa ne. Ki dawo mu mayar da shi fasaha."

Yaya: "Kin sace min 'ya. Ki dawo da ita ko na kira 'yan sanda."

Ita kaɗai na ba amsa: "Kira su."

Arin ta jingina da ni tana ƙirga motocin da muke wucewa. Can ta ce, "Anti, yau ba a taje min kai ba."

Ba ni da mataji. Na ɗaga hannu a hankali, tana bin sa da ido har ya sauka a gashinta. Ba ta dunƙule ba. Ba ta saki jiki duka ba kuma, kar na yi muku ƙarya. Amma ta bari na taje da yatsu har muka iso unguwa.

Yaya ba ta yi wasa ba. Motar 'yan sanda na tsaye a ƙofar shago, Umma na bakin ƙofa da safar roba a hannu, maƙwabta sun leƙo ta tagogi. A wasanmu 'yan sanda kullum sai an gama dukan yarinya suke isowa. Waɗannan sun riga ni zuwa gida.

Ɗaya ya tako, matashi, da ladabinsa. "Ke ce Pyo Danbi? An kawo ƙara cewa..."

Sai idonsa ya sauka kan hannun da ke riƙe da Arin. Kan ƙaramin yatsan. Ya kalli fuskar yarinyar, ya sake kallon yatsan, ladabin ya zube daga fuskarsa. Ashe shi ma yana kallo Juma'a da Asabar.

"E, shi ne," na ce, na ɗaga masa shi sama ya gani da kyau. "Yallaɓai, ka zo daidai. Akwai yarinyar da ake cutarwa a bayan ƙofa, kuma zan ba ka sunan kowa. Fara da nawa."